Kwanuka Shida na Kirsimeti a Panya

Ranar Asabar da ta wuce na shiga kasuwar Deptford neman busasshen barkono, sai ƙanshin gasasshiyar ayaba ya tare ni daga ƙofar wani shago. Na tsaya cik a tsakiyar hanya da jaka a hannu, har wani saurayi ya ce mini sorry don in matsa. Ƙanshin nan ya mayar da ni inda ƙafata ta daɗe ba ta taka ba, tsibirin Fernando Po, wanda mutanenmu ke kira Panya.

Na yi Kirsimeti a Khartoum, na yi a Abidjan, na yi da yawa a nan London inda rana ke faɗuwa tun kafin mutum ya gama wanke kwanukan rana. Amma idan ka tambaye ni wacce ce ta zauna mini a ƙirji, ita ce ta lokacin da nake da shekara tara, kuma ba don daɗinta ba.

Mahaifina direban babbar mota ne, yana kwaso buhunan koko daga gonaki zuwa bakin jirgi. Mu Kiristoci ne daga kudancin Zariya. A cocinmu akwai Ibo da mutanen Kalaba, mutanen kirki, sai dai ba mai jin Hausa, ita kuwa Mama ba ta taɓa riƙe Sifaniyanci ko Turancin buroka ba. Ni ce bakinta a kasuwa da asibiti, tun da ni nake zuwa makaranta. Inda kawai take sakin jiki ta yi dariya shi ne bayan gidanmu, wurin wasu gidaje shida na Hausawa 'yan kasuwa, dukansu Musulmi. Matar limaminsu, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ta karɓi haihuwar ƙanena. Teku ya kewaye mu ta ko'ina, jirgin gida kuma sai an daɗe ake ganinsa. Idan gidajen nan shida suka juya wa Mama baya, ba ta da wani wurin zuwa.

Al'adar da muka zo da ita daga gida ita ce, dabbar Kirsimeti Musulmi ke yanka ta, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Da Sallah su aiko mana, da Kirsimeti mu aika musu. Kwano kuma ba ya dawowa wayam. Idan an ci an ji daɗi, za a wanke shi a sa wani abu a ciki. Daga abin da ya dawo ake gane inda zumunci ya tsaya.

A shekarar Baba ya samo bunsuru daga wata gona can kan dutse, abin da ba kowa ke samu ba a tsibirin. Mako guda yana ɗaure a gindin gwanda, matan unguwa na leƙowa suna tsokanar Mama wai bana sai an ƙara girman kwano. An shirya da tsohon liman zai zo bayan azahar ranar jajibere ya yanka.

Da safiyar ranar Baba ya tafi ɗauko kaya na ƙarshe. Mama ta goya ƙanena ta tafi sharar coci. Goggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, tana ɗaki tana fama da ciwon kai, don zafin tsibirin mai ɗanko bai taɓa karɓarta ba. Sai ga aminin Baba, wani masunci ɗan asalin tsibirin, ƙato mai yawan dariya. Ya ce da Sifaniyanci tun da Baba ba ya nan, shi zai rage wa Mama aiki, don a wurinsu aboki ba ya barin matar abokinsa da wahalar yanka.

Na san liman ne zai zo. Abin da ban sani ba shi ne dalili. Na ɗauka don ya iya riƙe wuƙa ne kawai. Ga kuma daɗin da nake ji babban mutum yana magana da ni kamar ni ce matar gida. Na ce masa to. Ni da kaina na ɗauko wuƙar, na riƙe masa kwaryar ruwa. Kafin rana ta take ya yanka bunsurun, ya feɗe, ya rataye naman a inuwa, ya shafa kaina ya tafi yana fito.

Da Mama ta shigo ta ga naman, sai ta kwance goyon a hankali ta zauna a kan turmi. Ba ta dake ni ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Da ma ta yi.

Goggo ta fito da ɗankwali ɗaure a goshi, ta ji labari, ta ce, "To wa ya gani? Ki ce wani Bahaushe ne daga jirgi ya biyo ya yanka. Nama dai nama ne, ba a rubuta masa suna a jiki ba."

Mama ta ce, "Yaya, ni zan sa wa Hajiya a baki?"

"Idan ba ki aika ba fa? Mako guda suna kallon bunsurun nan. Za su ce mun yi rowa, ko mun raina su."

Gaskiya ce kuwa. Duk inda aka juya da ƙaya. Na tuna ƙarar ƙudaje a kan naman, da ƙararrawar babban cocin gari tana ta bugawa kamar ba abin da ya faru. Na riƙa kallon ƙofa ina roƙon Allah ya kawo motar Baba, motar ba ta zo ba.

Can Mama ta miƙe ta yafa mayafi, ta kama hannuna. Ta ce, "Ke kika ba da wuƙa, ke za ki faɗa."

Tsakaninmu da gidan liman bai fi taku ɗari ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba, har da waɗanda na yi a jirgin sama daga baya. Muka same shi a zaure yana wasa wuƙarsa a kan dutse, saboda mu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Na faɗi abin da na yi. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Tsohon ya ture dutsen gefe. Ya goge wuƙar ya mayar kube. Sannan ya ce, "Mutumin nan alheri ya nufa, kada wanda ya ɓata masa rai. Amma 'yata, naman nan ba za mu ci ba."

Mama ta ɗago kai. Ta ce, "Na sani, Malam. Shi ya sa na zo."

Ya tambaya, "Me yake yi ne, shi mai saurin yankan?"

Na ce masunci ne.

Hajiya ta kwashe da dariya. "Ke yarinya, kin san Sifaniyancin ba da wuƙa, ai kya san na roƙon kifi. Kifi ba ya jiran liman."

Ta ba Mama aron tukunyarta da muciyarta, don kada miyar ta haɗu da komai na bunsurun. Da Baba ya dawo da yamma ya ji, ya dafe kai, sannan ya sauka bakin ruwa wurin amininsa. Ban san yadda ya yi masa bayani ba. Na dai san washegari da sassafe masuncin ya zo da manyan kifaye a kwando, ba ya fito, kuma bai shafa kaina ba.

Bayan an taso daga sujada a coci Mama ta zuba shinkafa da miyar kifi a kwanuka shida masu murfi. Ni na kai su ɗaya bayan ɗaya, cikin sabuwar rigata. A kowace ƙofa sai na faɗi abin da aka koya mini: kifi ne, a tukunyar Hajiya aka dafa. Wasu suka yi dariya, don labari ya riga ni isa. Matar wani mai sayar da fata ta karɓa ba ta dube ni ba.

Bunsurun kuwa mutanen coci da iyalin masuncin suka taru a tsakar gidanmu suka cinye shi, ana kiɗa da kwalabe, ana waƙa da harsuna uku. Kowa ya ce bai taɓa cin nama mai daɗinsa ba. Mama tana zuba wa baƙi, tana murmushi, amma idonta na kan ƙofar baya. Ni ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba.

Da la'asar kwanukan suka fara dawowa. Na Hajiya da goro a ciki. Wani da ƙwai uku, wani da sabulu. Mama tana buɗe kowanne kamar mai buɗe wasiƙar gida. Biyar suka zo a wanke. Na shida, na gidan mai fata, ya dawo da nauyinsa, shinkafar ta sandare yadda aka zuba ta. Mama ta mayar da murfin ta ce, "Biyar ma Allah ne." Matar nan ta ci gaba da amsa gaisuwa, amma har muka bar tsibirin kwano bai sake shiga tsakaninmu da ita ba, kuma na san saboda ni ne.

Yanzu ina zaune a unguwar Plumstead, a nan London. A flat ɗin da ke ƙasa da nawa akwai wata Musulma 'yar Ghana, mai aikin kula da tsofaffi. Duk Kirsimeti nakan sauka da abinci, kuma tun kafin ta buɗe ƙofa sosai nake faɗa mata shagon da na sayi naman. Takan yi dariya ta ce da Hausarsu ta Ghana, wadda ba ta raba mace da namiji, "Mama, ba sai ka faɗa ba, na yarda da kai." Amma sai na faɗa.

Bara ƙafata ta hana ni sauka, sai jikata ta ce ita za ta kai. Ta zuba a cikin robar nan da ake ci a yar, ta ce da Turanci hakan ya fi sauƙi, ba sai an wahalar da kowa da dawo da kwano ba. Ban iya yi mata bayani ba. Na yini a kujera kusa da ƙofa ina sauraron takun matakala, ba kuwa abin da zai hau. Har yau ban san ko an ci ba.