Kwalbar Ruwan Maƙwabcina

Maƙwabcina ɗan majalisa ne, kuma ba ya zuwa zama sai da kwalbar ruwan rijiyar unguwarmu, ja kamar shayi. Yakan dire ta a gabansa, ya nemi a kawo mana famfo, a ce masa sai kasafin baɗi.

Wata rana shugaban majalisa ya ce, "Onarabul, ɗauke abin nan, yana tayar mana da zuciya."

"Ranka ya daɗe, kai kallo kake yi. Mu sha muke yi."

Aka kafa kwamiti.

Ranar da ya rasu akwai zama, matarsa ta riga ta cika masa kwalbar. Tana nan bakin taga. Jan ya kwanta, saman ya yi garau. Wanda bai girgiza ta ba zai ɗauka famfon ya zo.