Katin taro a bakin jinjirina

Ko na tsufa ba zan manta da ranar da ƙungiyarmu ta tura ni taron manoma a Madawa ba. Daga Babankatami na taho, goye da ɗana na fari, ko yaye bai kai ba. A bakin ƙofa aka ɗauki hotona, aka rataya mini wani ɗan kati mai kauri a wuya. Wata madam mai kula da taron ta ce katin yana jin ɗan'uwansa: in na tsaya da mutum, zare zai fito a babban tele na bango, daga hotona zuwa nasa, don mu san juna. Na ce to, amma ban gane komai ba.

Yaron yana haƙori, sai ya kama katin da tsotso. Da azahar ta yi na miƙa shi ga wata tsohuwa 'yar Keita da ke kusa da ni, na bar masa abinsa don kada ya yi kuka, na tafi alwala.

Na dawo, ba tsohuwa, ba yaro. A wajenmu jinjiri na kowa ne, wannan ta ɗauka ta ba waccan, amma a ƙauye na san hannuwan. Nan ban san kowa ba. Ina ɗaga kai sai ga hotona a bango, zare na ta fita daga jikinsa zuwa fuskokin da ban taɓa gani ba, alhali ga ni tsaye ni kaɗai.

Madam ta taho tana dariya. "Ke kin fi kowa zumunci yau."

"Ni ban yi magana da kowa ba. Yarona nika biɗa."

"Mi ne sunanshi, a faɗa a lasifika?"

Ɗan fari ne, bakina ba ya kama sunan. Madam ta dubi wuyana, ta dubi bango. "Ina katinki?"

"Yana bakinshi."

Ta bi zaren ƙarshe da yatsa, ya tsaya kan wata mai tabarau, ma'aikaciyar asibitin mishan. Ita aka kira a lasifika. Ta shigo daga gindin itacen bedi da yaron a kafaɗa yana barci, katin sharkaf da yawu.

Har yau ban san yadda kati ke jin kati ba. Abin da na koya dai, ba na ƙara miƙa ɗana ga kowa sai na tambayi sunanta da garinta, na dubi fuskarta da kyau.