Ranar da Ƙanƙara Ta Narke a Dingaya

Jiya a kasuwar Gwaram na ga saniya da tsagaggen kunne, sai wani tsoho marigayi da muka yi aiki tare ya faɗo mini a rai.

Kirista ne, shi ne babbanmu a aikin allurar shanu, zamanin da arzikin man fetur ya sa kowa ya raina aiki. Ƙa'idar ita ce, duk saniyar da aka yi wa allura a tsaga mata kunne. Ba na ƙaunarsa. Ga taurin kai, ga warin maganin kaska da ba ya barin rigarsa.

Wata rana muka isa Dingaya da azahar. Ya buɗe akwatin magani, ashe ƙanƙara ta narke, allurar ta lalace. Shanu sun cika fili, ƙudaje sun hana mu sakat.

Na ce, "Baba, mu tsira musu haka nan, mu tsaga kunnuwan mu tafi. Wa zai sani?"

Ya tsiyayar da maganin a ƙasa. Ya ce, "Malam, kunnen zai ce an yi, makiyayi ya saki jiki, ciwon bushiya ya share garken. Ni ba gwamnati nake wa aiki ba, Ubangiji nake wa."

Muka koma Birnin Kudu ɗauko sabo, ina tsine masa a zuci.

Da ya yi ritaya, ba wanda ya ce masa sannu, har da ni. Marasa kunya!

Allah ya albarkaci bayansa, ya tona asirin masu tsaga kunne ba allura.