Gwazar Dakta

Ban taɓa mantawa da ranar da muka cinye binciken Dakta ba. A shekarun tamanin ne, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin gwaje-gwajen tsirrai a Kakuri, wata huɗu da kama aiki, ba a ma tabbatar da ni ba tukuna.

Aikinmu shi ne mu tsirar da gwaza, doya da rizga a tukwane, da hantsi mu yanke bakin saiwa, mu rina, Dakta ta ƙirga kuromosom a madubin ƙara girma. Wasu 'yan zare-zare ne cikin ƙwayar halitta, yawansu kan bambanta wani iri da wani. Dakta mace ce mai faɗa, amma ba ta riƙo.

Ranar nan ta yi tafiya. Na tarar da gwaza shida a kwando babu lamba, kuma a ƙa'ida abin da ba lamba rara ne. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, ga yunwa. Na kai wa Baba Yohanna mai kula da lambu, ya dafa, muka ci da manja da yaji. Kai, har yau ina kewar garɗinta.

Bayan mako biyu Dakta ta dawo tana neman kwando. Ashe daga wani ƙauye can bayan Kagoro ta samo irin, takardar lambar kuwa tana jakarta. Na ce, "Dakta, mun ci."

"Kun ci? Bitrus, rubuto mini dalilin da ba zan kore ka ba."

Baba Yohanna ya ji abin da ake ciki. Ya hau kekensa zuwa gidansa a Unguwar Boro, ya dawo da tsohon bokiti, kawunan gwazar nan shida da ya yanke ya shuka kafin ya dafa suna ciki, duk sun yi saiwa fari fat.

"Ɗan manomi ba ya dafa kai, Dakta," in ji shi. "Ciki ake ci."

Ta daɗe tana duban saiwar. Sannan ta buɗe littafinta, ta ce shafin amfanin wannan iri babu komai, don ita ba ta taɓa ɗanɗana shi ba. "Yana ƙaiƙayi a maƙogwaro? Minti nawa ya nuna?"

Muka yi ta ba ta amsa tana rubutawa. Takardar tawa ba ta sake tambaya ba.

Shekara talatin na yi a wurin. Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne, kafin ka taɓa kwandon da ba lamba ka yi tambaya, kuma ka riƙa gaida mai lambu.