Murja da Lambar da Ba Ta da Suna

Shagon Murja yana bayan tashar mota a Birnin Kudu, tsakanin mai sayar da taki da wani tela. A nan take buga wa mutane takardu, ta kuma yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. 'Yar Maruta ce ta ƙasar Gwaram, mahaifinta manomi mai 'yan shanu. Aure ya kawo ta garin nan. Ta koyi tafireta a shekarun da aka ƙirƙiro Jigawa, lokacin da kowa ke neman a buga masa takardar neman aiki. Da zamanin tafireta ya wuce, ta sayi tsohuwar kwamfuta ta koya wa kanta.

Ba ta taɓa kiran kanta mai gyara ba. Masu gyaran yankinmu magani ɗaya suka fi sani: kwamfuta ta yi tari, a wanke ta, wato a goge duk abin da ke ciki a zuba sabo. Ita Murja ba ta wanke komai sai ta san dalili. Shi ya sa aikinta ke jinkiri, shi ya sa kuma telan, Malam Barau, ya sa mata suna Sai-na-gani.

Na je wurinta da kwamfutar ɗana na fari, bayan Allah Ya yi masa rasuwa yana shekarar ƙarshe a jami'a. A rabon gado kwamfutar ta faɗa hannun ƙanwarsa Batulu. Akwai folda ɗaya a ciki da ya saba ajiye hotuna da aikinsa, ta ƙi buɗuwa. Batulu ta duba wurin da ake nuna waɗanda ke da izinin buɗewa, sai ta ga wani layi da Turanci yana cewa ba a san mai wannan asusun ba, ga doguwar lamba a gabansa. Wani mai gyara a Gwaram ya ce bairos ne, ɓarayin intanet sun shiga, a wanke kafin su kwashe komai. In an wanke, foldar ta tafi. Ba mu da kwafinta a ko'ina.

Murja ta daɗe tana kallon lambar, haɓa a tafin hannu.

"Hajiya, ban san wannan ba," ta ce. "Amma ɓarawon da zai shiga gida ya rubuta lambarsa a bakin ƙofa, ban taɓa jin sa ba."

Daga ƙofa Malam Barau ya leƙo, zare a bakinsa. "Hajiya, da kin zo da tabarma. Wannan sai ta tambayi kwamfutar sunan kakanta."

"Koma kan wandon mutane, Malam," in ji Murja, ba ta ko juyo ba.

Ta sa manhajar binciken bairos tana aiki, ita kuma ta shiga yi mini tambayoyi kamar ma'aikaciyar asibiti. Yaushe aka saya? Wa da wa suka taɓa ta? Foldar ta taɓa buɗuwa bayan rasuwar? Na ce ta buɗu, har ranar sadakar arba'in. Me ya faru bayan nan?

Sai na tuna. Duk lokacin da Batulu ta kunna kwamfutar, sunan yayanta ne ke fara fitowa, sai ta rufe ta tashi. Ƙanin mahaifinsu, Bappa Hambali, ya ce abin da aka raba ya zama na mai shi, bai kamata sunan mamaci ya riƙa tarbar yarinya kullum ba. Ya ɗauka ya kai Gwaram, aka cire sunan aka sa nata. Dukanmu mun ga ya kyauta.

"Wane suna aka cire?" ta tambaya.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ban kira shi yana raye ba, ban kuma iya ba a ranar. Murja ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Na fari ne. Yi haƙuri, Hajiya. Ba sai da shi ba."

Ta juya ga tata kwamfutar. Ta buɗe sabon asusun shiga kwamfutar ta sa masa suna Barau, ta yi folda ta ba shi izini shi kaɗai. Sannan ta goge asusun.

"Malam Barau, na share ka."

"Ai kin daɗe da share ni, tun da na ce ɗinkin Sallah ba zai samu ba."

Ta buɗe wurin izinin foldar. Sunan Barau babu. A gurbinsa ga layin nan na Turanci, ga doguwar lamba irin waccan. Ta sake yi da wani suna don ta tabbatar, abu ɗaya ya fito. Ta jingina da kujera, fuskarta irin ta wanda ya gano inda ruwa ke yoyo a rufin ɗaki.

"Ashe ita kwamfuta ba da suna take sanin mutum ba, da lamba ne. Sunan don mu ne. In an cire shi, lambar tana nan a kan duk abin da mutum ya kulle." Ta nuna layin da ke kan kwamfutar ɗana, ta rage murya. "Hajiya, ba baƙo ba ne. Shi ne."

Binciken bairos ɗin ya ƙare, bai sami komai ba. Ta shiga da ikon mai kula da kwamfutar, ta mayar da mallakar foldar ga Batulu. Ba ta buɗe ba. Ta juyo da allon wajena, ta tashi ta ce za ta je ta ga ko mai takin yana da canji.

Na buɗe foldar. Hotunan gonar shinkafa ne da yawa, da aikinsa na ƙarshe a kan ƙasar fadama, ya tsaya a babi na uku. Akwai ɗan gajeren bidiyo: ni ce a tsakar gida ina tsinke zogale, ina cewa ya ɗauke wannan abin daga kaina. Ba a ganin sa. Dariyarsa kawai ake ji.

Da Murja ta dawo, ta kwafe foldar a filash biyu, 'yan ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta ce kada a ajiye su a ɗaki ɗaya. Sannan ta ɗora 'yar kibiyar allon a kan layin lambar.

"In cire shi? Yanzu ba ya riƙe da komai."

"Yana cutar da kwamfutar?"

"Ko kaɗan."

"Batulu za ta riƙa ganin sa?"

"Sai in ta zo nan da kanta ta nema."

Na ce ta bar shi.