Gwiwar da Ta Hana Ni Durƙusawa

Shekarun baya, ina amarya a Tiga, gwiwata ta dama ta so ta ɓata ni da surukata. Tafiya lafiya lau nake yi, har da rangwaɗa irin ta 'yan matan littafi. Amma da na zo durƙusawa in gaishe ta, sai in ji kamar an soka mini allura a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Dole na koma ɗan rusunawa daga tsaye.

Wata safiya na ji tana ce wa maigidana, "Amaryar taka soja ce? Gaisuwa a tsaye ƙiƙam!"

Aka yi mini hoton ƙashi ina kwance, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. Ba a ga komai ba. Surukata ta ce, "Shi ke nan, har na'ura ta ba da shaida." Na shige ɗaki na yi kuka mai tsari, ina jiran a zo lallashi. Ashe maigidan yana can bakin dam wajen aiki.

Daga baya ni da maigidana muka je wurin wata likita a Tudun Wada. Ta ce, "Yaya ciwon?" Na ce, "Da sauƙi."

Ta yi dariya. "Ba gaishe ki nake yi ba, amarya. Kina me yake tashi?"

"In na durƙusa."

Ta ce a sake hoto, a lanƙwashe gwiwar a ɗauko ta daga sama. Ni da son tambaya na ce, "Likita, ƙashi ba ɗaya ba ne ko ta ina aka kalle shi?"

Ta ce, "In an ɗauke ki hoto ta gaba, ana ganin kitson ƙeyarki?" Ta ƙara da cewa wanda ya faɗi ya bugu, gaba da gefe ake fara yi masa. Tsoho kuwa a tsaye ake ɗaukarsa, don nauyin jiki ya nuna inda gaɓar ta cinye.

Hoton ya fito, ga ƙoƙon ya ɗan zame gefe daga mazauninsa. Aka koya mini motsa ƙafar.

Da muka dawo gida na kwashe duk bayanin likita na faɗa wa surukata. Ta ɗaga hoton saitin rana ta daɗe tana kallo. "Ɗan murfin nan ne ya kauce? Allah sarki." Can sai ta rage murya, tana shafa tata gwiwar. "'Yar nan, na tsayen da kika ce, a ina ake yi?"

Tare muka koma, ina riƙe da hannunta.

Har yau in na ga mutum da halin da ban gane ba, sai in ce ƙila ta gaba kawai na kalle shi. Gwiwar ta yi sauƙi tuntuni, amma in na shiga gaishe da surukata, kafin in kai ƙasa ta turo mini 'yar kujera da ƙafa.