Masu Tambaya Ko Tana Raye

Inna mai wanki a bayan wani otal ta tsufa, tana wanke zannuwan gadon baƙin da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Da ciwon daji ya kama ta aka yanke mata nonon dama, hannunta na wannan gefen ya kumbura har matse tsumma ya gagare shi. Otal ya sallame ta, ta koma raɓe a ɗakin ƙanwarta.

A asibiti an sa sunanta cikin rajistar masu cutar, wai don masu bincike su gano yadda take cin matan garin. Tun daga nan, duk shekara sai wata ma'aikaciya ta bugo waya.

"Mama, muna son jin ko mai wannan sunan tana raye."

"Ita ke magana, 'yar nan. Hannuna fa? Ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa."

"Ayya, sannu. Wannan ba ya cikin tambayoyinmu."

Da suka bugo bana, Inna ta tura wa ƙanwarta wayar. "Ce musu ban mutu ba tukuna, su ƙara haƙuri."